Man Kaskon Ngunan

"Wajen wa ka ce za ku haɗu?" in ji mai rumfar shayi.

"Wajen Ngunan mana," in ji Babandi direba, yana tsoma burodi cikin shayi. "Na ce da mutumin, in ka sauka daga jirgi ka tambayi wajen Ngunan. Ko akuya ka tambaya za ta nuna maka."

"Bencin nan da kake zaune a kai, na Ngunan ne?"

"Naka ne."

"Shayin fa?"

"Haba, mai rumfa, ai suna ne kawai. Ƙara mini sukari, yau kamar da rowa ka tashi."

Aka yi dariya. Shi ma mai rumfar ya yi, ya ƙara sukarin. Amma dariyar tasa a haƙora ta tsaya.

Ya 'yan uwa, daga wannan 'yar hira ta bakin teburin shayi gida biyu suka rushe. Ku ba ni aron kunnuwanku.

An yi wani mutum a garin Lafiya, a shekarun da ake ta maganar mulkin kai amma Bature bai tattara kayansa ba tukuna. Ba zan kama sunansa ba. Yana da dangi, kuma ba don a zage shi na ɗauko labarinsa ba. Mu kira shi mai rumfa, yadda kowa yake kiransa.

A lokacin, wanda ya kwana a Lafiya ba ya rasa inda zai karya kumallo. Akwai tsohuwa mai koko a ƙofar kasuwa, wadda tukunyarta ke ƙarewa tun rana ba ta fito ba. Akwai matan Akurba masu ɗanwake. Akwai wani Bayarabe a bakin tasha mai dafa wake da manja. Kowa da mutanensa. Amma idan ana neman inda za a zauna, a miƙe ƙafa, a ci a sha a ji labarin duniya, to wuri ɗaya ne: rumfar da ke gindin mangwaro, tsakanin tashar jirgi da kasuwa.

Mutumin nan shi ya share wurin. Shi ya kafa dirkoki, shi ya yi jinka, shi ya sassaƙa bencina da hannunsa. Yana dafa shayi mai kauri da madarar gwangwani, yana yanka burodin da jirgi ke kawowa daga Makurɗi. Matarsa Iyatu, 'yar Kwandere, tana toya waina a bayan zana. Ba a ganin fuskarta. Abin da jama'a suka sani nata shi ne hannunta mai miƙo faranti ta saman zana, da muryarta in tana cewa a yi haƙuri, tanda ba ta yi zafi ba.

Kada ku ɗauka mugun mutum ne. Ba ya wasa da salla. Matafiyin da guzurinsa ya ƙare yakan sha shayinsa ya tafi da godiya kawai. Kuma shi ne ya ba Ngunan wuri.

Ngunan 'yar Tibi ce. Mijinta leburan reluwe ne, ciwo ya kwantar da shi, bai tashi ba. Ta zo wata safiya da kasko a ka, da 'yarta Doofan a hannu, ta durƙusa ta roƙi gefen inuwa inda za ta soya doya da ƙosai. Mai rumfa ya nuna mata kusurwar gabas, ya ce ta kafa murhu, bai nemi komai ba. Wannan alheri ne, kuma ina roƙon Allah ya ajiye masa shi, domin zai buƙace shi.

Yanzu ku lura da yadda suke aiki, don a nan maganar take.

Ngunan ta san yawancin masu cin abincinta Musulmi ne, ba ta so ko ɗigon shakka ya shiga zuciyar kowa. Saboda haka ba ta sayen mai a kasuwa. Uwar Iyatu tana yin man gyaɗa a Kwandere. Mai rumfa da kansa yake hawa keke ya ɗauro garwar man a baya, ya sauke a gaban murhun Ngunan. Da shi take soya doya, da shi take soya ƙosai mai albasa. In hantsi ya yi ta sauke kasko, sai ta tace ragowar man a kwano, ta miƙa wa Iyatu ta saman zana. Washegari da wannan man Iyatu take shafa gidajen tanda.

Duk wadda ta taɓa riƙe tsinken juya waina ta san abin da nake nufi. Ɗanyen mai daban, man da ya sha albasa da ƙosai daban. Shi ya sa wainar rumfar take fitowa ja a gefe, mai ƙanshi, har mutum ya cinye ba tare da ya nemi miya ba. Kwanon nan yana ƙetare zana kullum a kan idon kowa. Mata biyu, ɗaya ba ta jin Tibanci, ɗaya Hausarta a karkace, amma sun zama kamar uwa ɗaya ta haife su. Iyatu ta yi zazzaɓi, Ngunan ce ta niƙa mata ƙullu. Doofan ta shiga makarantar mishan, Iyatu ce ta yi mata kitso.

Ranar Lahadi kuwa, wanda bai ga rumfar nan ba bai ga Lafiya ba. Ofis a rufe, leburorin reluwe suna hutu, direbobi sun kashe mota. Musulmi su zo tun da sanyin safiya, su zauna ba gaggawa. In an taso daga coci sai ga wasu da fararen riguna da mata masu ɗaurin kallabi. Alago, Eggon, Migili, Tibi, Bafulatani da ƙwaryarsa, akawu da jaridarsa a hammata, duk a benci ɗaya. A ranar Ngunan takan ƙara da sakwara da miyar riɗi, ta barbaɗa wa doya gishirin Keana. Hayaƙi yana ratsa ganyen mangwaro, mai yana ƙara a kasko, wani yana musun farashin doya, wani yana kwaikwayon tafiyar Bature. Kumallo ya zarce har ya kusa haɗuwa da azahar. Wallahi zuciyata tana ciwo in na tuna cewa irin wannan wuri, jimla guda ce ta kashe shi.

To me mutumin nan ya rasa? Shayinsa yana ƙarewa. Wainar matarsa ba ta kwana. Duk wanda ya zo don doya, sai ya nemi abin da zai kora ta da shi. Amma tun ranar da Babandi ya ce "wajen Ngunan", kunnensa ya buɗe. Sai ya riƙa jin sunan ko'ina. A kasuwa, a masallaci, a bakin yara. Ya je ɗaurin aure, aka gabatar da shi ga wani baƙo, aka ce wannan shi ne mai shayin wajen Ngunan.

Mai shayin wajen Ngunan. Ya tafi gida da kalmar, ya kwana da ita, ya tashi da ita. Idan Ngunan ta yi dariya da masu saye, sai ya ji kamar shi ake yi wa. Idan ta gaishe shi, "Mai rumfa, ka kwana lafiya? Wuta ya kama?", sai ya ga gaisuwar ta yi masa kama da ta mai gida ga bara. Matar nan ba ta canja ko kaɗan ba. Idonsa ne ya canja.

Akwai wani wanzami, Mahmuda, wanda yake da tabarma a bakin kasuwa. Mutumin kirki ne, sai dai magana ba ta kwana a cikinsa, kuma kan rabin garin yana bi ta ƙarƙashin askarsa. Wata safiya ya zauna kusa da teburin shayi da doya a ganye, yana ci yana lumshe ido.

"Kai, matar nan," in ji Mahmuda. "Matata ta soya doya har ta gaji, ba ta taɓa yin haka ba. Wai me take sa wa a man nan?"

Mai rumfa yana zuba shayi daga kofi zuwa kofi. Ya san amsar. Kafaɗarsa ta san nauyin garwar. Ya dubi kusurwar gabas, ya ga mutane sun yi layi, sannan ya sassauta murya.

"Ka san abin da ƙanin mijinta yake kiwo a bayan gida a Akurba?"

Mahmuda ya daina tauna.

"Ni dai ban ce komai ba," in ji mai rumfa. "Ci abincinka."

Shi ke nan. Bai rantse ba, bai ɗaga murya ba, bai ma ambaci sunan dabbar ba. Gaskiya ne ƙanin mijin yana kiwon aladu. Da gaskiya ya gina ƙaryarsa, kuma wannan ita ce ƙaryar da ta fi wuyar rushewa. Har ya ce wa ransa, ai tambaya na yi. Mu nawa ne muka taɓa ɓuya a bayan irin wannan tambaya? Mu nawa muka ce "ni dai ban ce komai ba", alhali mun faɗi komai?

Mahmuda ya ajiye ganyen, ya kurkure baki, ya tafi wajen aikinsa. Kafin Juma'a ta zagayo, maganar ta yi ƙafa. Aka ce ana haɗa man da kitsen alade. Aka ce wani ya ga kitsen da idonsa. Aka ce da shi take jawo mutane, shi ya sa wanda ya ci sau ɗaya sai ya dawo. Wani tsoho da ya shekara yana karyawa da ƙosanta ya je wurin malami yana kuka, yana tambayar makomar sallolinsa.

Layin kusurwar gabas ya ragu, ya ragu, ya ƙare. Masu tasowa daga coci suna zuwa, amma su ma suka fara jin nauyin zama, don ana kallonsu. Duba-gari ya zo, ya shinshina kasko, ya buɗe garwa, ya ce shi bai ga komai ba sai man gyaɗa. Mutane suka ce ai an ɓoye kafin ya iso.

Ranar wata Lahadi, bencina cike da masu shan shayi, Ngunan ta taso daga murhunta. Doya ta yi sanyi a tire ba wanda ya taɓa. Ta zo gaban tebur, ta durƙusa a daidai inda ta durƙusa ranar farko.

"Mai rumfa," ta ce, "kai ne kana kawo mai. Da keken ka. Daga wajen maman Iyatu. Ka gaya masu. Ni in na faɗa, ba su ji. Kai za su ji."

Babandi ya ajiye kofinsa. Ta bayan zana, tsinken Iyatu ya daina motsi.

Ya 'yan uwa, Allah ba ya barin bawa ya faɗa rami sai ya buɗe masa ƙofar komawa. Ga ƙofa nan a buɗe. Kalma ɗaya ce. Ba a ce ya tona kansa ba, ba a ce ya ambaci Mahmuda ba. Ya ce i, haka ne, ni nake kawowa, kuma matata da ragowarsa take toya wainar da kuke ci. Da ya faɗi haka da maganar ta mutu a wurin. Har bakinsa ya buɗe. Sai ya dubi bencina, ya ga duk idanu a kansa suke, shi kaɗai, karon farko bayan dogon lokaci. Abin ya yi masa daɗi.

"Garwa dai ni nake kawowa," ya ce. "Abin da ake zubawa a kasko bayan na juya baya, wannan ban sani ba."

Ngunan ta daɗe tana kallonsa. Ba ta yi kuka ba, ba ta zage shi ba. Ta miƙe, ta kakkaɓe gwiwa, ta koma ta kashe wutarta. Ta tace man kamar kullum, ta ɗaga kwano ta saman zana. Hannun Iyatu ya fito zai karɓa.

"Iyatu, bar shi," in ji mai rumfa.

Hannun ya tsaya a sama, sannan ya koma.

A gida Iyatu ta yi magana har muryarta ta dushe. "Malam, ka san gaskiya. Man innata ne. Ka bar ni in fito in faɗa." Ya ce mata wannan gobara ce, wanda ya matsa kusa zai ƙone, shi iyalinsa yake karewa. Ya ce ai shi ma yana jin tausayin matar. Iyatu ta ɗauka tsoro ne ya kama mijinta. Ta ji haushinsa, amma ta yi masa uzuri. Ba ta san shi ya kunna wutar ba.

Ngunan ta cire Doofan daga makaranta. Ta ɗaure kasko da tabarma, suka hau bayan motar Babandi zuwa Assakio wurin dangin mijinta. Ta yi wa Iyatu sallama ta cikin zana, suka riƙe yatsun juna ta wani ɗan tsagi. Mai rumfa yana goge tebur, bai ɗago ba.

Na ɗan lokaci ya samu abin da yake so. Ya sa aka baje murhun, ya ƙara benci a kusurwar gabas. Mutane suka fara cewa rumfar mai shayi. Ya riƙa sauraron sunan kamar mai sauraron kiɗa.

Sai waina ta canja. Iyatu tana jiƙa shinkafa yadda ta saba, tana buga ƙullu yadda ta saba, amma da ɗanyen mai take shafa tanda. Wainar ta fito fara, ba ƙanshi, irin wadda ake samu a kowane lungu. Ranar wata Lahadi wani akawu ya juya ɗaya a hannu ya ce, "Wai ni kaɗai ne, ko wainar nan ta yi rashin lafiya?"

"Ai tun da kwanon nan ya daina tsallake zana," in ji wani a bayansa, ba da wata manufa ba.

Ya faɗa, sannan ya ji abin da ya faɗa. Kowa ya ji. Kwano. Ragowar man kaskon Ngunan. Shekara da shekaru suna kallonsa yana wucewa ta kansu. Wani ya tofar da abin da ke bakinsa. Wani ya ture faranti da bayan hannu.

"Ashe mu da muka guji doya, a waina muke sha?"

"Kuma yana gani ana miƙa wa matarsa."

Mai rumfa ya fito daga bayan tebur. "Jama'a, ku tsaya. Man gyaɗa ne. Wallahi man gyaɗa ne tsantsa, daga Kwandere, ni nake ɗaukowa. Matar nan ba ta taɓa sa komai a ciki ba. Na sani, na sani sarai."

Babandi ne ya amsa masa, a hankali, ba tare da ya tashi ba. "Ka sani? Ranar da ta durƙusa a gabanka ka ce ba ka sani ba. Ina zaune a nan. To wanne za mu ɗauka, na ranar ko na yau?"

"Ƙaryar 'yan gari ce. Ban san wanda ya ƙaga ta ba."

Mahmuda wanzami yana ƙarshen benci. Ya miƙe, idonsa ya yi ja. "Ka ji tsoron Allah. Daga bakinka na ji. A nan, ina cin doya, ka tambaye ni abin da ake kiwo a Akurba. Na ɗauka amana ka ba ni don ka tsare mini addinina. Ashe jaki ka mai da ni, ka ɗora mini kayanka na zaga da shi gari."

A bayan zana wani abu ya faɗi, ƙullu ya malalo ta ƙarƙashi har gindin benci. Iyatu ta ji komai.

Daga ranar rumfar ta mutu. Waɗanda suka gaskata maganar alade suka guje shi don ya ciyar da su. Waɗanda suka gane ƙarya ce suka guje shi don ya ƙaga ta. Masu tasowa daga coci suka riƙa bi ta ɗaya gefen hanya. Yakan tashi da asuba ya hura wuta, ruwa ya tafasa, ya ƙone, ya ƙara wani. Burodi ya bushe a kwando. Awaki suka mai da bencina wurin kwana. Da Lahadi sai ya zauna shi kaɗai yana jin hayaniyar mutane daga wajen Bayaraben tasha. Wurin kuma ya daina amsa sunan kowa, sai dai a ce can gindin mangwaron nan.

Iyatu ba ta yi masa faɗa ba. Da ta yi da ya ji sauƙi. Tana dafa masa tuwo, tana ajiye masa ruwan alwala, in ya yi magana ta amsa da i ko a'a. Tanda kuwa ta wanke ta, ta kife a kan rumbu.

Nadama ta zo masa, amma irin wadda take zuwa bayan an rufe kasuwa. Yakan tuna durƙuson Ngunan. Yakan tuna yadda ta tace man a ranar, duk da abin da ya yi mata. Wata rana ya kasa daurewa, ya hau keke ya nufi Assakio.

Ya same ta a bakin hanya, ƙarƙashin wata 'yar bishiya da ba ta da inuwar kirki. Ta rame. Ta kafa murhu, ta soya doya, ta jera a tire. Ya tsaya daga nesa a bayan wata motar katako yana kallo. Fasinjoji suka sauko. Wani ya nufi tiren, abokinsa ya ja shi da riga, ya raɗa masa magana, suka wuce. Maganar ta riga shi zuwa, a mota ta zo. Doofan, yarinyar da take karanta wa direbobi rubutun jikin motocinsu, tana zaune tana korar ƙuda.

Tsakaninsa da su bai fi a tsallaka hanya ba. Ya shirya kalmominsa tun daga Lafiya. Amma ya ga akwai mutane a wurin, za su ji, za su kalle shi. Ya juya kekensa ya dawo.

Ya 'yan uwa, ku dubi wannan bawan Allah. Bai yi sata ba, bai sha giya ba, bai zubar da jini ba. Ya kasa jure jin sunan wani a wurin da yake ganin nasa ya kamata a ji. Hassada ke nan. Ba ta buƙatar ka rasa komai, ya isa ka ga wani ya samu. Ita ta rufe masa ido har ya manta cewa man da yake ɓatawa shi ne a tandar matarsa. Haka Allah ya saƙa arzikin mutane, na wannan a cikin na wancan, Musulmi da wanda ba Musulmi ba, ɗan gari da baƙo. Ba ka iya zuba ƙazanta a kaskon maƙwabci ka ce farantinka zai tsira.

Kuma ku lura, ya yi amfani da tsoron Allah da ke zukatan mutane ya mai da shi wuƙa. Wannan ya fi komai muni. Mutane sun guji doyar ne don kiyaye addininsu, shi kuwa ya san ba abin da za a kiyaye. Malamanmu sun sha gaya mana cewa laifin da ke tsakanin bawa da Ubangijinsa, tuba tana wanke shi, amma haƙƙin mutum yana nan sai mai shi ya yafe. Ta yaya za a yafe maka abin da ka kasa tsallaka hanya ka roƙa? Sau biyu girman kai ya tare masa ƙofa, ranar durƙuso da ranar Assakio. Wa ya ba shi tabbacin ta uku?

Da ya dawo ya gaya wa Iyatu abin da ya gani, yana hawaye. Ya ɗauka hawayen za su sassauta ta. Ta saurara har ya gama.

"Ka yi mata magana?"

"Akwai mutane."

"Ranar da ka kashe ta ma akwai mutane, Malam."

Washegari ta nemi izni ta je Kwandere, ta kwana wurin innarta da kawunta, ta dawo.

Ranar Lahadi da hantsi yana zaune a rumfa, tukunyar shayi tana tafasa ba mai sha. Motar Babandi ta tsaya a bakin hanya, fasinjoji a baya, 'yan kasuwa suna wucewa. Sai zana ta buɗe. Iyatu ta fito, lulluɓe da mayafi, tanda ɗaure a zane bisa kanta, garwar mai a hannu. Mutanen da suka shekara suna cin wainarta, a ranar suka fara ganin fuskarta.

Mai rumfa ya miƙe. "Iyatu, ina za ki? Ki rufa mini asiri. Zan je, wallahi zan je, ki ba ni lokaci."

Ta miƙa wa Babandi garwar, ya karɓa ya ɗora. Sannan ta juyo, ta yi magana da muryar da har na bayan mota suka ji.

"Hannuna ne ya koma ranar da ta miƙo mini kwano. Wannan nawa laifin ne, ni zan gyara. Kawu ya sani, Inna ta sani, ga manta nan ta ba ni. Assakio za ni. Zan kafa tandata kusa da kaskon Ngunan, in shafa ragowar man kaskonta, in ci doyarta a bakin hanya kowa yana gani, har ranar da mutane za su dawo mata. Kafin wannan rana, ba zan sake hura wuta a gidanka ba."

Allah ka tsare harsunanmu daga abin da zai kashe wutar gidan wani, ka ba mu ikon tsallaka hanya tun muna da ƙafa. Allah ya kiyaye mu, amin.